Kawu ya ce in koyi walda, Baba ya ce in jira jami'a

Saƙon da ya shigo: "Assalamu alaikum Malam. Shekarata 22, a Agege aka haife ni, iyayena mutanen Katsina ne. Na gama sakandare, na zana JAMB sau uku ban samu gurbi ba. Na ɗan taɓa okada da mashin ɗin wani har aka kama shi a Ikeja, tun daga nan ba na komai, barci har azahar, dare kuma majalisa da danna waya, har bet na fara bugawa. Kawuna ya ce zai biya min in koyi walda amma Baba ya ce shi bai sha wahalar mayanka shekara da shekaru don ɗansa ya ƙare a bakin titi yana ƙona idonsa ba, in sake JAMB. Abokaina ma dariya suke min. Wallahi na gaji da zama, amma ina tsoron idona kuma ina tsoron ɓata wa Baba rai. Mene ne shawara?"

Wa alaikumus salam ɗana. Ka karɓi tayin kawunka ka shiga waldar nan, kuma kar a kwashe wata da watanni ana ta shawara, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kawun da ya ce zai biya yau ba ka san hidimar da za ta taso masa gobe ba. Sai dai akwai yadda ake shiga sana'ar nan a zama wani abu, akwai kuma yadda ake shiga a shekara goma ana nan bakin kwata ana liƙa ƙafar kujera da salansar mashin, to a kan wannan bambancin nake so mu daɗe, sannan mu zo kan maganar Baba don ita ta fi nauyi a wajena.

Abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonka ba JAMB ba ce. A jarabawar 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, ka ga ashe ba kai kaɗai ba ne kuma ba wai kanka ne ba ya ja ba. Okada kuma ba laifinka ba ne, tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana ta a ƙananan hukumomi shida har da Ikeja da Apapa da Surulere, a Satumba ta ƙara huɗu irin su Mushin da Oshodi da Kosofe, yaranmu da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 a nan abincinsu ya yanke. Abin da ya tsaya min a rai shi ne barcin nan har azahar. Saurayi ɗan shekara 22 da gari zai waye babu wanda yake jiransa a ko'ina, babu wanda zai tambaya ina wane yau bai zo ba, wallahi wannan ya fi rashin kuɗi ciwo, kuma shi ne ƙofar da bet ta shigo maka, bayanta kuma su ƙwaya da sauran tarkace suna layi. Ka bar bet ɗin nan tun yau, ka goge ta daga wayar gaba ɗaya, caca ce ko da wane suna aka kira ta.

To sana'a irin walda abin da take fara gyara wa mutum kenan tun kafin ta ba shi sisi. Shago yana buɗewa da safe, akwai get ɗin da aka bari jiya ba a gama ba, mai shi zai zo ranar Asabar, dole ka tashi. Ranar da aka fara miƙa maka holda, wato mariƙin sandar walda, ka ɗora ilektirod, wato ita sandar, a kan ƙarfe zai manne ya ƙi tashi, ka ja ka murɗa injin yana ta gurnani, ka sake, ya sake mannewa, sai a hankali hannunka ya gane ɗan ratar da ake bari tsakanin bakin sandar da ƙarfen, wutar ta kama ta tsaya, ka ja layi. Ka bari ya ɗan huce ka ɗauki guduma ka ƙwanƙwashe ɓawon nan baƙi da ke sama, abin da ke ƙasa shi ne gaskiyarka, in hannunka ya yi rawa za ka gani, in ka yi sauri layin zai fito siriri bai ci ƙarfen ba, in wutar ta yi yawa ka huda shi. Ba sai ka jira wata uku a fitar da sakamako ba, ba ruwanka da sanin wani babba. Gobe ka sake ja ka ga ya fi na jiya. Yaron da ya daɗe bai ga wani abu nasa yana ci gaba ba, wannan kaɗai yana dawo masa da ransa, na sha ganin haka da idona.

Yanzu ina za ka koya, shago ko makaranta? Ni dai ka haɗa biyun, ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wajen oga za ka samu hannu da sauri da sanin kasuwa, yadda ake auna taga, yadda ake yi wa kwastoma lissafi, inda ake sayen fayif da rodi da falanki, yadda ake shiga irin su kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin a fito ba a cuce ka ba. Amma akasarin shagunan bakin titi iyakarsu get da ƙofa da bogilari da ƙafar tanki, kuma oga ba zai koya maka abin da shi ma ba a koya masa ba. Ka tambayi yara da yawa me lambar 6013 da ke jikin kwalin ilektirod take nufi, sai su ce ai sunansa ne kawai, alhali 60 ɗin farko ƙarfin da waldar za ta iya jurewa ne, fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i, 1 ɗin kuma yana nufin za ka iya aiki da shi a kwance da a tsaye da sama da kai. Akwai 7018 da ake aikin gini mai nauyi da shi, wanda ba ya son danshi ko kaɗan har a cikin oven ake ajiye shi, kuma ka san iskar Legas yadda take da laima. Me ya sa ilektirod mai geji 12 ya dace da ƙarfe mara kauri geji 10 kuma mai kauri, me ya sa firam yake karkacewa in ka zuba masa wuta a gefe ɗaya ba ka fara ɗiɗɗiga shi ta kowace kusurwa ba, yaya ake karanta zanen injiniya da alamominsa, waɗannan a aji ake samunsu, kuma su ne suke raba mai liƙi da mai walda. Kai kuma ga sakandare a hannunka, kana karanta Turanci kana lissafi, ka riga yara da yawa nisa tun ba a fara ba.

Wuraren koyo suna nan kusa da kai. Jihar Legas tana da kwalejojin fasaha guda biyar a ƙarƙashin hukumar LASTVEB, akwai Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, ta Agidingbi ma daga Agege ka bi ta Ogba ka isa. Ainihin tsarinsu na shekara uku ne ga yaran da suka gama JSS3, don haka kai ka taka da ƙafarka ka tambayi kwas ɗin da ya dace da wanda ya gama sakandare. Akwai cibiyar koyar da sana'a ta ITF a Ikeja, ita ITF hukumar tarayya ce tun 1971 kuma walda tana cikin abin da suke koyarwa. Takardu kuma guda biyu nake so ka sa a gaba. Ta farko Trade Test ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ana farawa daga mataki na uku a hau na biyu a kai na ɗaya. Ta biyu NABTEB, jarabawar fasaha da sana'a ta ƙasa, wadda suke da zama na Nuwamba zuwa Disamba ga wanda ba ya cikin makaranta. Ka riƙe sunan NABTEB ɗin nan da kyau, zai yi mana amfani a wajen Baba.

Walda hawa-hawa ce, kuma tun ranar farko nake so idonka ya kasance a sama. Get da bogilari su ne tushe, kar ka raina su don su za su ciyar da kai, amma ka sani kowane lungu akwai mai yinsu kuma kwastoma kullum mai araha yake nema. Sama da su akwai aikin rufin ƙarfe na sito da masana'antu da tankoki. Akwai waldar argon da ake yi wa sitenles da alminiyom, wadda kasuwarta take da kyau a garin nan saboda iskar teku tana cin ƙarfe, je ka Lekki ko Ajah ka ga get ɗin da bai daɗe ba duk ya yi tsatsa, shi ya sa masu gini suke komawa sitenles a matakala da baranda. Can ƙololuwa kuma akwai waldar bututu, inda ake gwajin da ake kira 6G, a kafe bututu a karkace digiri 45 ba a juya shi, kai ne za ka zagaye shi ta ƙasa da gefe da sama, in ka gama a ɗauki hoton cikin waldar da na'ura, in akwai ɗan rami ko tsaga ko da ido ba ya gani ka faɗi. Wanda ya ci wannan gwajin ba a kiransa yaron bakin titi.

Kuma aikin yana garin nan ba sai ka tafi wata ƙasa ba. Matatar Dangote da ke Ibeju-Lekki mai tace ganga dubu 650 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2023, bututu ne iya ganinka, kuma lokacin gininta an yi ta ƙorafin yadda aka kwaso ƙwararrun ma'aikata daga waje musamman Indiya saboda namu masu takarda da irin wannan hannun ba su isa ba. Abin nan yana min ciwo har yau, ga yaranmu zaune a majalisa ga aiki a bayan gidansu. Ga tashar jiragen ruwa ta Lekki, ga Nigerdock a Snake Island inda ake gyaran jirage da ƙera manyan ƙarafa, ga katafaren jirgin sarrafa da ajiyar ɗanyen mai na Egina da ya iso Legas a 2018 aka ƙarasa haɗa shi a filin LADOL. Tun 2010 akwai dokar da ta tilasta wa kamfanonin mai su fifita 'yan ƙasa a aikinsu. Ban ce kana gama koyo za a kira ka ba, hanyar tana da tsawo kuma akwai 'yan damfara da za su ce kawo kuɗi a samo maka satifiket ko gurbi, kar ka ba su ko kwabo, a irin waɗannan wuraren ƙarfe za a miƙa maka a ce yi mu gani.

Maganar ido kuwa tsoronka yana kan hanya kuma Baba ya yi gaskiya. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, kuma ba a lokacin za ka ji ba sai cikin dare, ka farka kamar an zuba maka yashi a ido, hawaye na zuba ba ka iya kallon fitila. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma maimaita shi shekara da shekaru yana lalata gani. Abin da ke jawo shi sananne ne, baƙin tabarau na gayu da ake sayarwa a gosulo, ko kawar da kai a runtse ido a ɗiga. Wannan tabarau ba ya tare komai. Gilashin walda na gaske yana da lamba, ga irin aikin da za ka fara 10 zuwa 12 ake so, a cikin hular da ke rufe fuska duka. Ka ce wa kawu kafin kuɗin koyo ma ya fara saya maka wannan, da farin gilashi na lokacin yanka da gurza don tsinin ƙarfe yana tsalle ya shige ido, da safar hannu ta fata, da takalmin sefti. In wani abu ya shiga idonka asibiti za ka nufa, ban da ɗiga ruwan albasa ko fetur ko wani haɗi da za a ce maka shi ake yi. Kaya kuma na auduga masu kauri, ban da rigar ƙwallo ta leda don narkewa take ta manne a fata.

Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne, tun 2017 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da ke jawo kansa. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, ka kawar da kanka daga saitin hayaƙin, ka sa abin rufe hanci mai kyau, musamman in ƙarfen galbanayiz ne, shi wannan hayaƙinsa zazzaɓi yake sakawa da daddare. Za ka ga ana shan madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji, madara ciki take tafiya hayaƙi kuma huhu, ba sa haɗuwa. Da damina kar ka tsaya a cikin ruwa da silifas kana riƙe da holda, kuma ka duba wayoyin da suka zazzage. Na ƙarshe kuma ka rubuta shi a zuciyarka, duro ko tankin da aka taɓa zuba fetur ko gas ko wani sinadari a ciki ba a kusantarsa da wuta don kawai an ce ai babu komai a ciki, tururin da ya rage shi ke fashewa, rayuka da yawa sun tafi ta nan. Ko oga ne ya ce ka yi, ka ce a'a.

Shi ya sa zaɓen oga yake da muhimmanci. Kar ka ce lallai sai Bahaushe, in Bayarabe ne ko Ibo ya fi iya aiki ka je wajensa, kai da aka haifa a Agege ai na san kana jin Yarabanci. Ka je shagon ka zauna ka yi kallo kafin a biya komai. Shi kansa yana sa gilashi? Yaran da suka shekara a wajen suna riƙe holda ko har yanzu fenti da aike kawai suke yi? Akwai waɗanda ya yaye suka buɗe nasu? A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, shekara nawa, nawa za a biya, me za a kawo ranar firidom wato ranar yaye ka, ranakun da za ka tafi makaranta, da lokacin sallah musamman Juma'a, a faɗe shi tun farko kar ya zama rigima daga baya. Watannin farko shara ce da ɗauko ƙarfe da gurza da jan fenti, abin da za ka samu bai wuce na abinci da mota ba, a nan yara da yawa suke gudu saboda sun saba da kuɗin okada na kullum. Ka daure, kuma duk guntun ƙarfen da aka yar ka roƙa ka dinga gwaji da shi bayan an tashi.

In ka fara samun ɗan canji ka shiga adashi da niyyar sayen kayan aikinka ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin injin inbata da ake ratayawa a kafaɗa ya fi tsohon tiransifoma sauƙin wuta da sauƙin ɗauka zuwa wajen aiki. Wuta ita ce babbar matsalar sana'ar nan, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 aka kuma kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wanda bai iya sa kuɗin wuta da na janareta cikin lissafinsa ba sai ya yi aiki ya tashi a tutar babu. Akwai asusun LSETF na jihar Legas da ke ba masu ƙananan sana'o'i rance, ka san da shi don gaba. Kuɗin kafin alƙalami da kwastoma ya ba ka kuma na ƙarfe ne, ka saya a ranar don farashi ba ya tsayawa, kar ka ci, kar kuma ka karɓi kuɗin mai kauri ka sa mara kauri ka rufe da fenti. Masu walda da yawa ba rashin iya aiki ne ya kashe musu kasuwa ba, wannan ne.

To Baba. Ɗana kar ka kuskura ka fara zuwa shago a ɓoye, kuma kar ka tsaya gardama da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana sammako zuwa mayankar Oko-Oba cikin jini da ruwa, burinsa ya ga ɗansa a inuwa da biro a hannu, ba ƙin ka yake ba, wahalar da ya sha ce ba ya so ka gada. Sannan akwai abin da wataƙila ba ka lura ba, tayin nan daga kawunka ya fito, ɗan'uwan mahaifiyarka, kuma uba yana iya jin nauyin a ce dangin matarsa ne suke tsara wa ɗansa rayuwa da kuɗinsu. Don haka kawu ya zo gida da kansa ya same shi a matsayin mai neman izini, in da hali a tafi da wani baffanka ko limamin da Baba yake jin maganarsa.

Abin da za a faɗa masa kuma gaskiya ce tsagwaronta, ba a rufe ƙofar karatu ba. Sakamakon NABTEB ana karɓarsa wajen neman gurbi kamar WAEC da NECO. Yabatech tana nan tun 1947 da sashen injiniyanci da karatun wucin gadi, akwai kuma PTI, makarantar horar da ma'aikatan man fetur ta Effurun a jihar Delta da ke da sashe guda na walda da aikin cikin teku. Kana iya sake zana JAMB ɗin ma kana koyon aikinka, wanda yake tashi da asuba ya fi mai barcin azahar iya karatu nesa ba kusa ba. A tuna masa a 2022 ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, ɗaliban da ke da sana'a su ne ba su zauna haka nan ba. Liman kuma ya san ayar da ke Suratu Saba'i inda Allah ya ce ya tausasa wa Annabi Dawud alaihis salam ƙarfe yana ƙera sulke, da hadisin da ya ce daga aikin hannunsa yake ci. Ka nuna wa Baba hular waldar ya riƙe ta a hannunsa ya leƙa gilashin ya ga duhunsa, ka yi masa alƙawarin ba za ka kunna wuta ba sai da ita, kuma ka cika. In ya amince, ka roƙe shi ya zama shi ne zai kama hannunka ya kai ka wajen oga ya damƙa ka, ya sa maka albarka a gaban mutane. In kuma ya ce a'a a zaman farko kar ka yi fushi, a ba shi sati biyu a sake komawa.

Abokan majalisa ba sai ka ba su amsa ba, in ka fara dawowa a gajiye bayan magariba zaman ma da kansa zai ragu. In akwai ɗaya a cikinsu da ka ga shi ma ya gaji da zaman, ka ja shi ku tafi Agidingbi tare ranar Litinin, ku tafi da kwafin sakamakonku da hoton fasfo, ku tambayi lokacin ɗaukar sababbi da abin da ake biya, ku biya ta ITF ku yi irin wannan tambayar, duk ka rubuta a takarda don ita za a ajiye a gaban Baba ranar da kawu zai zo. Allah ya yi maka jagora, ka rubuto min yadda zaman ya kasance.